Ina Biyan Harajin Kashi 40 a Ingila: Shin Akwai Kuɗin da Zan Nema a Kan Fanshona?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni injiniya ne ɗan asalin Kano, ina aiki da wani kamfani mai zaman kansa a Manchesta tun watan Oktoba na 2022, kuma albashina fam 60,000 ne a shekara tun daga lokacin. Kowane wata ana cire mini fam 200 zuwa asusun fansho na wurin aiki, sannan a watan Fabrairu na 2025 na buɗe wani asusun fansho na ƙashin kaina, irin wanda ake kira SIPP, na zuba fam 8,000 daga abin da na tara. Wani abokin aikina ya ce ina barin kuɗina a hannun hukumar haraji ta HMRC, domin duk mai biyan harajin kashi 40 sai ya nemi ragowar rangwamensa da kansa. Uwargidana kuwa, wadda ma'aikaciyar jinya ce a NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, ta ce ita ba ta taɓa neman komai ba, kuma an tabbatar mata cewa babu abin da take bi. Abin da ya fi damuna shi ne bizar aikina ta haramta mini cin kuɗin tallafin gwamnati, ga shi ina sa ran neman izinin zama na dindindin nan gaba, shi ya sa nake ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wa ya fi gaskiya a cikinsu, kuma ko neman kuɗin zai iya shafar takarduna?

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, abokin aikinka da uwargidanka duk gaskiya suka faɗa, sai dai kowannensu ya yi magana ne a kan irin tsarin fanshon da yake ciki, kuma bisa alƙaluman da ka bayar akwai kyakkyawan zato cewa naka irin na abokin aikinka ne. Idan haka ne, kana bin HMRC kuɗin da ya haura fam 2,500 na shekaru biyu kawai, kuma babu wanda zai turo maka shi muddin ba ka nema ba.

Gwamnatin Birtaniya ba ta karɓar harajin kuɗin shiga a kan abin da mutum ya ajiye a fansho, amma hanyar da ake bi a sauke masa harajin ta kasu gida uku. A hanya ta farko ana cire kuɗin fansho daga albashi tukuna, sannan a lissafa haraji a kan abin da ya rage, don haka rangwamen yana zuwa cikakke tun a takardar albashi, ko mutum yana biyan kashi 20 cikin 100 ne, ko 40, ko 45. Wannan shi ne tsarin fanshon NHS da na malaman makaranta, kuma shi ne dalilin da ya sa uwargidanka ba ta bin kowa komai. Shi ne kuma abin da ka saba gani a gida, inda dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta tanadi a cire wa ma'aikaci kashi 8, mai aiki ya ƙara kashi 10, ba tare da an ɗora haraji a kan abin da aka ciren ba, don haka ba abin mamaki ba ne ka ɗauka ko'ina haka yake. A hanya ta biyu ma'aikaci ne yake amincewa a rage masa albashi a rubuce, kamfani ya zuba abin da aka rage a fansho da sunansa, nan ma babu abin nema. Hanya ta uku ita ce mai barin baya da ƙura. A cikinta sai an gama cire haraji daga albashinka sannan a ɗauki kuɗin fansho daga abin da ya rage, daga nan kamfanin fanshon ya je ya karɓo maka kashi 20 daga HMRC ya ƙara a asusunka, wato idan ka zuba fam 80 ya zama fam 100. Kamfanin fanshon bai san nawa kake samu ba, bai kuma san matakin harajinka ba, kashi 20 yake karɓo wa kowa. Wanda aka caje shi kashi 40 a kan wannan kuɗi, rabin harajinsa ne kawai ya dawo, ɗaya rabin sai ya miƙa hannu. Duk asusun SIPP a kan wannan hanya yake tafiya, haka ma asusun NEST da gwamnati ta kafa, da wasu da yawa daga cikin asusun da kamfanoni masu zaman kansu ke saka ma'aikatansu.

Kafin ka rubuta wa kowa, ɗauko takardar albashinka ta wata ɗaya ka duba layuka biyu, jimillar albashi da kuma albashin da aka lissafa haraji a kansa. Albashinka na wata fam 5,000 ne. Idan layukan biyu duk sun nuna 5,000, ga kuma fam 200 na fansho an cire a ƙasa, to an caje ka haraji a kan kuɗin fanshon kuma kana cikin hanya ta uku. Idan kuwa layi na biyu ya yi ƙasa da na farko daidai da abin da aka cire na fansho, an riga an sauke maka harajin. Takardar P60 da kamfani ke bayarwa kafin ƙarshen watan Mayu na kowace shekara ita ma za ta nuna haka, domin idan ta ce 60,000 cif, ba a rage komai ba. Shaida ta uku tana cikin asusun fanshon kansa, wanda za ka iya buɗewa ta intanet: idan a kowane wata ka ga fam 200 daga gare ka, ka ga kason kamfani, sannan ka ga wani fam 50 ya shigo daban da sunan rangwamen haraji, magana ta ƙare. Abin da ya sa na karkata ga wannan tun farko shi ne fam 200 kashi 4 ne na albashinka, kuma kashi 4 daga ma'aikaci tare da kashi 1 daga HMRC shi ne yadda ake cika kashi 5 ɗin da aka saba ɗora wa ma'aikaci a wannan hanya. Duk da haka zato ba hujja ba ne, ka aika wa ofishin biyan albashi tambaya a rubuce, ko ana cire fanshonka kafin haraji ne ko bayan haraji, ka adana amsarsu.

Yanzu sai lissafi, kuma a nan nake so ka natsu, domin a nan mutane suka fi yin kuskure. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ranar 6 ga Afrilu ta ƙare ranar 5 ga Afrilu na shekara mai bi mata, kuma kowace shekara cin gashin kanta take yi. A Ingila fam 12,570 na farko babu haraji a kansa, daga nan zuwa 50,270 ana karɓar kashi 20, abin da ya haura haka har zuwa 125,140 kashi 40, sama da nan kuma kashi 45. Ƙarin rangwamen da kake nema yana hawa ne kawai a kan ɓangaren kuɗin da aka caje ka kashi 40 a kansa, wanda a wurinka shi ne tazarar da ke tsakanin 50,270 da 60,000, wato fam 9,730.

A shekarar 2022/23 wata shida kawai ka yi aiki, abin da ka samu bai wuce fam 30,000 ba, don haka ba ka taɓa matakin kashi 40 ba kuma babu abin da za ka nema, ko da abokin aikinka ya ce ka haɗa da ita. A shekarar 2023/24 ka zuba fam 2,400, HMRC ta ƙara 600, jimilla 3,000, kuma dukkansa ya shige cikin 9,730 ɗin nan, saboda haka kana bin kashi 20 na 3,000, wato fam 600. Shekarar 2024/25 ce mai nauyi. Fam 8,000 da ka zuba a SIPP ya zama 10,000 bayan ƙarin HMRC, idan aka haɗa da 3,000 na wurin aiki ya zama 13,000. Mai gaggawa zai ɗauki kashi 20 na 13,000 ya ce yana bin 2,600, alhali kuwa fam 9,730 ne kawai aka caje ka kashi 40 a kansa, sauran 3,270 kashi 20 ka biya kuma an riga an mayar maka da shi. Abin da kake bi na wannan shekara shi ne kashi 20 na 9,730, wato fam 1,946. Idan aka haɗa shekarun biyu ya kama fam 2,546, muddin ba ka da wani kuɗin shiga ko alawus mai haraji da ba ka ambata ba, ban da kuma fam 600 na kowace shekara da ta biyo baya matuƙar albashi da cirewar suna nan yadda suke.

Akwai darasi a cikin 3,270 ɗin da ya zarce. Da ka zuba fam 5,384 a Fabrairu, ka jira 6 ga Afrilu ta wuce sannan ka zuba sauran 2,616, da dukkansa ya samu cikakken rangwame, bambancin fam 654 ke nan saboda jiran kamar wata biyu kawai. Doka ba ta yarda a mayar da abin da aka zuba a wata shekara zuwa wata ba, don haka wannan ya wuce, amma duk lokacin da za ka sake zuba kuɗi mai kauri ka fara auna nawa ya rage maka a matakin kashi 40 na wannan shekarar.

Game da yadda ake nema, hanya biyu ce, kuma ba zaɓi ba ne, halin da kake ciki ne yake nuna wadda za ka bi. Idan kana cike fom ɗin bayyana kuɗin shiga na shekara, wanda ake kira Self Assessment, to a cikinsa za ka saka, a gurbin kuɗin fanshon da kamfanin fansho ke karɓo wa rangwamen kashi 20. Adadin da ake so a wurin shi ne jimilla tare da ƙarin HMRC, wato 3,000 ba 2,400 ba, 13,000 ba 10,400 ba, kuma ba a haɗa kason da kamfaninka ya zuba, domin wannan ba daga albashin da ka biya wa haraji ya fito ba. Wa'adin miƙa fom ɗin ta intanet shi ne 31 ga Janairu mai biyo bayan ƙarshen shekarar haraji, kuma ana iya gyara wanda aka riga aka miƙa har tsawon wata 12 bayan wannan wa'adi. Idan kuwa albashi ne kaɗai abin da kake samu kuma ba a taɓa neman ka cike wannan fom ba, ba sai ka jawo wa kanka shi ba. Akwai shafi na musamman a gov.uk don neman rangwamen haraji a kan fansho, wanda ake shiga da lambar Government Gateway, wato lambar shiga shafukan haraji na gwamnati, ko kuma ka rubuta wa HMRC wasiƙa. Tun daga 1 ga Satumba 2025 hukumar ta daina karɓar irin wannan buƙata ta waya, kuma tana neman shaida komai ƙanƙantar kuɗin, saboda haka ka roƙi kamfanonin fanshon biyu su ba ka takardar da ta nuna sunanka da abin da ka zuba a kowace shekarar haraji daban-daban, ka tanadi lambar inshorarka ta ƙasa da takardun P60.

Wa'adin neman kuɗin baya shekara huɗu ne daga ƙarshen shekarar harajin da ake magana a kanta. Ta 2023/24 ta ƙare ranar 5 ga Afrilu 2024, don haka ƙofarta za ta rufe ranar 5 ga Afrilu 2028, ta 2024/25 kuma ranar 5 ga Afrilu 2029. Kai kana da sarari, amma duk mai karanta wannan amsa da ya daɗe a ƙasar ya fara da shekarar da ta fi tsufa, domin kowace 5 ga Afrilu shekara guda take faɗuwa, kuma ba a buɗe ta bayan ta rufe.

Ka kuma sani cewa wannan kuɗi ba cikin asusun fansho yake shiga ba. Na shekarun baya ana mayar maka da shi ne a hannu, na shekarar da ake ciki kuwa yawanci lambar harajinka ake gyarawa, ta yadda 1257L da kake gani a takardar albashi za ta iya komawa kamar 1407L, harajin wata ya ragu da kusan fam 50. Wannan gyara yana da sharaɗi a wuyanka, domin HMRC za ta ci gaba da ɗaukar cewa kana zuba abin da ka faɗa kowace shekara. Idan ka sauya aiki zuwa inda ake cire fansho kafin haraji, ko ka rage abin da kake zubawa, ko kuma suka ɗauki fam 8,000 ɗin nan a matsayin abin da kake yi duk shekara, to wajibi ne ka sanar da su a gyara lambar, in ba haka ba rangwamen zai rikiɗe ya zama bashi. Saboda wannan ka bayyana musu a fili cewa na SIPP zubi ɗaya ne, na wurin aiki kuma na kowane wata.

Sai batun takardu, wanda na lura shi ne ainihin abin da ya ɗaure maka hannu. Kuɗin tallafin da bizarka ta haramta maka jerin abubuwa ne sanannu da dokokin shige da fice suka lissafa, irin su Universal Credit, tallafin kuɗin haya, kuɗin yara da gidajen ƙananan hukumomi. Rangwamen haraji a kan fansho ba ya cikin wannan jeri, kuma ba zai shiga ba, domin ba kyauta ba ce daga baitulmali, harajinka ne da aka karɓa fiye da abin da doka ta ce. Hasali ma ka riga kana karɓar rabinsa kowane wata tun 2022, fam 50 ɗin da ke shiga asusunka, ba tare da ya taɓa bizarka ba. Na san inda tsoron ya samo asali. A wajajen 2018 an yi ta ce-ce-ku-ce a Birtaniya a kan ƙwararrun baƙi da Ma'aikatar Cikin Gida ta hana izinin zama na dindindin saboda bayanan harajinsu, har maganar ta kai kotun ɗaukaka ƙara a 2019, kuma labarin ya zaga tsakanin 'yan Najeriya da 'yan Asiya mazauna ƙasar. Amma abin da aka tuhume su da shi shi ne saɓani tsakanin kuɗin shigar da suka faɗa wa hukumar haraji da wanda suka faɗa wa hukumar shige da fice, akasarinsu kuma masu sana'ar kansu ne. Kai albashinka kamfani ne yake kai rahotonsa kai tsaye ta tsarin PAYE, wato tsarin cire haraji daga albashi kafin a biya ma'aikaci, kuma neman rangwame ba ya canza ko sisi a cikin adadin. Abin da wancan labari yake koya maka shi ne ka rubuta alƙaluma daidai, ba ka yi shiru ba.

A nan ne zan ja hankalinka ga abu guda da ba ka tambaya ba. Idan kana da gidan haya a Kano ko wata harka a gida da take kawo maka kuɗi, mazaunin Birtaniya yana iya zama mai biyan haraji a kan abin da ya samu a waje, kuma dokokin wannan fanni sun sauya daga 6 ga Afrilu 2025. In akwai irin wannan, ka zauna da akanta mai rajista kafin ka miƙa komai, domin zai shafi lissafin da na yi a sama, kuma shi ne irin abin da ɓoye shi kan zama matsala a gaba. In babu, ba ka buƙatar kowa. Kamfanonin da ke tallata kansu a intanet cewa za su karɓo maka kuɗin haraji suna yankar kaso mai tsoka a kan aikin da za ka gama da kanka a zama ɗaya, saƙon tes ko imel kuma da ya ce HMRC tana riƙe da kuɗinka ka latsa nan, na 'yan damfara ne, domin hukumar ba ta neman bayanan banki ta wannan hanya.

Iyakokin doka ba su kusa da kai, amma ka san da su: rangwame ba ya wuce adadin abin da ka samu daga aiki a shekarar, kuma jimillar abin da kai da kamfani da HMRC kuka zuba kada ta haura fam 60,000 a shekara, iyakar da aka ɗaga daga 40,000 a Afrilu 2023. Masu karatu da ke zaune a Sikotilan su lura cewa matakan harajinsu daban ne, matakin da ke madadin na kashi 40 yana farawa ƙasa da na Ingila kuma kashi 42 ne, don haka abin da suke bi kashi 22 ne a kan wannan ɓangare. Waɗanda samunsu ya haura fam 100,000 kuwa, kamar wasu likitocinmu, suna rasa fam 1 daga kason da ba shi da haraji a kan kowane fam 2 da ya haura, abin da ke mayar da harajin wannan tsakani kamar kashi 60, kuma zubi a fansho yana dawo musu da wannan kaso idan sun bayyana shi. Ita ma uwargidanka, ranar da ta buɗe SIPP nata alhali samunta ya wuce 50,270, ta shiga sahunka a kan wannan asusun, ko da na NHS ɗinta bai buƙaci komai ba.

Idan kuɗin ya shigo, shawarar abin da za ka yi da shi taka ce, sai dai ka tuna cewa abin da ya shiga fansho ba ya fita kafin shekara 55, wadda za ta koma 57 daga 6 ga Afrilu 2028, ko kana Manchesta ko ka koma Kano. Mai niyyar komawa gida ya gina ko ya kafa sana'a nan da 'yan shekaru bai kamata ya kulle duk abin da ya tara saboda kwaɗayin rangwame ba. Idan kuma ka zaɓi ka mayar da fam 2,546 ɗin cikin SIPP, kamfanin zai sake karɓo masa kashi 20 ya zama 3,182.50, wanda tare da 3,000 na wurin aiki bai kai 9,730 ba, don haka shi ma yana da ƙarin rangwamen fam 636.50 da za ka saka a buƙatarka ta shekarar da ka zuba shi.